Harafin da Ya Karya Nivakin

Duk wanda ya yi wayo a Gure, ko a Gidigir, ko a ƙauyukan da suke maƙale a gindin duwatsun Muniyo, tun kafin wannan ƙarni ya kama, ya san wata ƴar farar ƙwaya mai tsananin ɗaci da ake kira nivakin, wadda a zamanin da take tashe, idan damina ta yi nisa, kwaruruka suka riƙe ruwa, sauro ya yi ƙamari, masassara ta kwantar da yaro, da an ba shi ita kwana uku sai a gan shi ya miƙe ya koma cikin ƴan'uwansa. Ga ta da araha, ga ta ba ta tsoron zafin rana, kuma da wuya a sami teburin mai sayar da magani da babu ita a kansa. Bayan haka sai al'amarinta ya fara sakewa sannu a hankali: a ba yaro, zazzaɓi ya lafa, bayan mako biyu ya komo da ƙarfinsa, har dai a shekarar 2005 hukumomin kiwon lafiya na Nijar suka sauke ta daga matsayin maganin farko, suka ɗora haɗin magungunan artemisinin a gurbinta. Jama'a sun yi ta faɗin albarkacin bakinsu, waɗansu suka ce jabu ce ta cika kasuwa, waɗansu suka ce jikin mutane ne ya saba da ita. Jabu kam akwai ta, ba mai musun wannan. Amma asalin illar yana can inda ido ba ya kaiwa, cikin jikin ƙwayar cutar kanta, inda harafi ɗaya ya musanya a cikin silsilar wani furotin mai haruffa 424.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne, masanan da suka gano wannan furotin a shekarar 2000 ba su ga siffarsa ba sai bayan shekara 19, amma duk da haka, daga karanta jerin haruffansa, suka hukunta cewa mazauninsa cikin tantani yake, suka ƙidaya sau nawa ya ratsa tantanin, suka ce aikinsa ƙetarar da kaya ne daga wannan gefe zuwa wancan, kuma da ranar gani ta zo aka tarar maganarsu ta tabbata. Wannan fanni, watau istinbaɗin hulɗar furotin da tantanin ƙwayar halitta daga silsilarsa, ya cancanci a bayyana shi da Hausa, domin amfaninsa a jikin ƴaƴanmu yake, kayan aikinsa kuma ba su fi ƙarfinmu ba.

Da farko sai mu san mene ne tantanin. Jikin ɗan Adam, da na raƙumi, da na dabino, da na ƙwayar cutar da sauro ke ɗaukowa, duk da ƙananan ƙwayoyin halitta aka gina su, kuma kowace ƙwaya Allah Ya kewaye ta da wani siririn tantani na maiƙo wanda ke raba abin da ke cikinta da abin da ke wajenta. Kowane ɗigo na wannan maiƙo yana da kai mai son ruwa da wutsiya mai gudun ruwa, saboda haka idan suka sami kansu cikin ruwa sai su jeru sahu biyu, kawuna suna fuskantar ruwan ciki da na waje, wutsiyoyi sun haɗu a tsakiya inda ruwa ba ya isa. Waɗansu masana biyu na ƙasar Holan, Gorter da Grendel, su suka fara kawo dalili a kan haka a shekarar 1925, yayin da suka tatso maiƙon jajayen ƙwayoyin jini suka shimfiɗa shi a kan ruwa, suka ga filin da ya rufe ya yi ninki biyu na fatar ƙwayoyin. Kaurin wannan tsakiya mai gudun ruwa kuwa, idan aka raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi uku ne kawai. Mai karatu ya riƙe wannan adadi, za mu komo kansa.

Tantani kamar ganuwar Damagaram yake a zamanin Sarki Tanimun, garu wanda ba ya raya birni sai da ƙofofi da masu tsaronsu da masu leƙen wanda ke tafe. Gishiri ba ya ratsa maiƙo da kansa, sukari ba ya ratsawa, saƙon da wata gaɓa ta aiko cikin jini galibi a waje yake tsayawa. To, ƙofofin da masu karɓar saƙon duka furotin ne, waɗansu sun ratsa tantanin daga gefe zuwa gefe, waɗansu sun jingina da fuskarsa kawai. Girman sha'aninsu ya kai ga cewa wajen sulusin magungunan da likitoci ke rubutawa a duniya suna aiki ne a kan dangi guda na furotin mai ratsa tantani sau bakwai.

Furotin kuwa silsila ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, iri 20, waɗanda masana suka ba kowannensu harafi ɗaya na boko, har ya zama ana iya rubuta furotin duka a cikin ƴan layuka. Frederick Sanger, a Kambirij ta Ingila, shi ya fara karanta silsilar wani furotin cikakkiya, ta insulin mai haruffa 51, ya kammala a 1955. Christian Anfinsen a Amurka kuma ya nuna cewa jerin haruffan shi ke hukunta yadda silsilar za ta naɗe ta ɗauki siffa, aka ba shi kyautar Nobel a 1972. To, idan daga jeri siffa take fitowa, a hankalce wanda ya san jerin yana da hanyar sanin siffar. Bukatar wannan hanya ta fi tsanani ga furotin na tantani, domin da zarar an ciro shi daga cikin maiƙonsa sai ya cure ya lalace, shi ya sa ba a ga siffar ko ɗaya daga cikinsu filla-filla ba sai a tsakiyar shekarun 1980, a hannun Deisenhofer da Huber da Michel na Jamus, alhali kuwa furotin masu narkewa cikin ruwa an fara ganin tasu siffar tun 1958.

A shekarar 1982 malamai biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, Jack Kyte da Russell Doolittle, suka fito da wata dabara wadda, saboda sauƙinta, ɗalibin da ya iya tarawa da rabawa yana iya aikata ta a kan allo. Sun ba kowane harafi daga cikin 20 ɗin nan maki gwargwadon ƙiyayyarsa da ruwa: aisolusin, wanda ya fi kowa ƙi, ya sami 4.5, balin 4.2, lusin 3.8; waɗanda suke ɗauke da cajin lantarki kuwa, masu maƙale wa ruwa, aka sa makinsu ƙasa da sifiri, laisin ya gangara da 3.9, arjinin da 4.5. Sa'an nan mutum ya ɗauki haruffa 19 na farko, ya tara makinsu, ya raba da 19, ya rubuta abin da ya samu. Ya gusa da harafi ɗaya ya sake tarawa. Haka zai yi ta yi har ƙarshen silsila. Duk inda matsakaicin maki ya haura 1.6, to, akwai zato mai ƙarfi cewa wannan yanki cikin maiƙo yake zaune. Hikimar zaɓen 19 ko 20 ita ce, silsila idan za ta ratsa tantani murɗewa take yi, kowane harafi yana ƙara wa murɗin tsawon 0.15 na ma'aunin nan da muka ambata, haruffa 20 ke nan sun ba da kashi uku cif, daidai da kaurin tsakiyar tantani. Ni a ganina babu abin da ya fi wannan ƙayatarwa a fannin duka, cewa ma'aunin da Mahalicci Ya aza wa garun shi ne ya bar alamarsa a cikin rubutun ƙofar, har mai hisabi ya iya tsinto ta da alƙalami.

Daga cikin furotin da suka gwada dabararsu a kai akwai na wata ƙanƙanuwar halitta mai zama cikin ruwan gishiri mai tsanani, wanda Henderson da Unwin suka riga suka hango sanduna bakwai a jikinsa, dishi-dishi, da na'urar hangen ƙananan abubuwa a 1975. Tuddan da lissafi ya fitar, watau wuraren da matsakaicin maki ya haura, suka dace da waɗannan sanduna. Wannan ya kamata ya ja hankalin mutumin ƙasar Manga, wanda kakanninsa suka yi ƙarnuka suna dafa manda, suna ɗibar kanwa a bakin tafki, ayari na kai su Kano, domin ƴar'uwar wannan halitta, Natronomonas pharaonis, daga tafkunan kanwa na Wadin Natrun a Masar aka samo ta, kuma da wani furotin na tantaninta, mai tura sinadarin gishiri idan haske ya taɓa shi, masu binciken ƙwaƙwalwa ke dakatar da aikin jijiya da haske a yau. Ruwan kanwar Muniyo ya cancanci a ɗebo shi a karanta abin da ke rayuwa cikinsa.

Sanin inda silsila ta ratsa bai wadatar ba sai an san wane gefe ke ciki, wane ke waje. Gunnar von Heijne na Siwidin ya lura a 1986 cewa laisin da arjinin, masu cajin da ake yi wa alamar ƙari, sun fi taruwa a madaukan da ke fuskantar cikin ƙwaya, wannan kuwa ya zama ƙa'ida. A 2001 Anders Krogh da abokan aikinsa a Denmak suka haɗa irin waɗannan alamomi cikin manhaja guda mai suna TMHMM, suka bi da ita kan rubutun gado na halittu da yawa, watau rubutun da ke ɗauke da jerin haruffan furotin ɗinsu, suka tarar kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na furotin ɗin kusan kowace halitta na tantani ne.

Yanzu mu komo kan ƙwayar masassara. Plasmodium falciparum, idan ta shiga jar ƙwayar jini, abincinta himogulobin ne, watau furotin ɗin da ke ba jini jan launi; tana haɗiye shi zuwa cikin wata ƴar jaka mai tsami da ke cikinta, wadda ita ma tantani ne ya kewaye ta, ta narkar da shi a nan. Amma narkewar tana sakin wani ɓangare mai ɗauke da ƙarfe wanda guba ne gare ta, don haka sai ta daskarar da shi ya zama ƴan baƙaƙen tsakuwoyi marasa cutarwa. Kulorokin, wanda shi ne ainihin sinadarin da ke cikin nivakin, yana ratsa tantani ya shiga jakar ba shi da caji. Da ya taɓa tsamin sai ya ɗauki caji na ƙari, abu mai caji kuwa ba ya ratsa maiƙo, saboda haka ya shiga ke nan ba fita, ya yi ta taruwa har ya hana daskarewar gubar, ƙwayar ta mutu da dafin abincinta.

Ƙwayoyin da ba sa jin wannan magani sun fara bayyana a ƙarshen shekarun 1950, a kan iyakar Tailan da Kambodiya da kuma ƙasar Kolombiya. Suka iso gabashin Afirka a 1978, suka shigo yammacinta cikin shekarun 1980. Thomas Wellems na Cibiyoyin Lafiya na Amurka ya haɗa auratayya tsakanin ƙwaya mai jin magani da mai taurin kai, ya bi ƴaƴansu, ya gano sirrin yana cikin kundi na bakwai daga kundaye 14 na gadon ƙwayar, amma sai da aka yi wajen shekara goma ana laluben ainihin wurin, kuma ɗaya daga cikin dalilan jinkirin shi ne rubutun wannan furotin a warwatse yake gutsure 13, har na'ura ta tsallake shi a karon farko. Da David Fidock da sauran abokan aikin Wellems suka haɗa gutsattsarin a shekarar 2000, suka sa wa furotin ɗin suna PfCRT, sai lissafin ƙin ruwa ya fitar da tudu goma, alamar ya ratsa tantani sau goma, gwaji kuma ya nuna a tantanin jakar nan mai tsami yake zaune. A matsayi na 76, cikin murɗi na farko, ƙwaya mai jin magani tana da laisin, harafin K, mai cajin ƙari. Mai taurin kai kuwa tana da tiriyonin, harafin T, marar caji. Duk wanda ya san caji iri ɗaya korar juna suke yi zai hango abin da ya faru: laisin yana tsaye a bakin hanya yana tunkuɗe kulorokin ya koma ciki, da aka ɗauke shi sai maganin ya sami mafita ya zurare. Gaskiya ne wannan canji ba ya zuwa shi kaɗai, yana da ƴan rakiya a waɗansu matsayai, amma shi ne wanda ba a rasa shi.

A 2004 Rowena Martin da Kiaran Kirk a Ostareliya suka gwama silsilar da ta waɗansu furotin na bakteriya da tsirrai waɗanda aka san aikinsu ɗaukar kaya ne, suka hukunta cewa danginsu ɗaya. Wannan ƙiyasi ne irin wanda malaman usulu suka sani, ga asali wanda aka san hukuncinsa, ga reshe wanda ba a sani ba, ga illa da ta tara su. Amma ba su tsaya ga ƙiyasi ba. A 2009 suka dasa furotin ɗin a cikin ƙwan kwaɗo, suka ga mai T yana ƙetarar da kulorokin, mai K ba ya yi. Sai a 2019 masana na Jami'ar Kolombiya ta Niwyok suka daskarar da furotin ɗin suka ɗauki hotonsa, aka ga murɗi goma kamar yadda aka ƙidaya, da kogo a tsakiya, da matsayi na 76 a jikin bangon kogon.

Wanda ya fara nuna amfanin wannan ilimi a fagen jinya ɗan Sahel ne irinmu. Abdoulaye Djimdé na Bamako, tare da malaminsa Ogobara Doumbo da Christopher Plowe, ya buga bincikensa a 2001 a kan majinyata a Mali, inda ya nuna cewa a cikin samfurori 60 na waɗanda cutar ta ƙi barinsu bayan shan kulorokin, babu ko ɗaya da ba a sami harafin T ba, alhali kafin shan magani kashi 41 cikin ɗari ne ke ɗauke da shi. Tun daga nan ya zama ɗigon jini a kan ƴar takarda, a busar da shi, a aika da shi ɗakin bincike, ya isa a san halin da magani ke ciki a wata gunduma. Malawi kuma ta ba da wani darasi: ta janye kulorokin a 1993, sai yawan masu T ya sauka daga kashi 85 cikin ɗari a 1992 zuwa 13 a 2000, domin ƙofar da aka sake wa fasali ba ta yi wa ƙwayar aikinta na asali yadda ya kamata, idan babu magani mai K ce ke rinjaye.

Kada mai karatu ya ɗauka kowane furotin haka yake da sauƙin karantawa. Waɗanda suke jingina da fuskar tantani ba tare da ratsa shi ba sun fi wuya ƙwarai. Dafin ƙudan zuma yana da wani gajeren furotin mai haruffa 26, melitin, wanda idan ya murɗe sai masu ƙin ruwa su taru a gefe ɗaya, masu son ruwa a ɗaya gefen, ya kwanta a kan tantani rabinsa cikin maiƙo, daga nan ya huda shi. David Eisenberg ya ƙirƙiro lissafin gane irin wannan murɗi a 1982, bisa sanin cewa kowane zagaye yana cin haruffa 3.6. Dafin gamsheƙa kuwa, mai ruɓar da nama, haruffan da yake kama tantani da su suna nesa da juna a cikin jeri, sai silsila ta naɗe suke haɗuwa, don haka tarawa da rabawa ba sa tsinto su. Haka nan ƙofofin fatar waje ta ƙwayar sanƙarau, cutar da jihar Damagaram ta sha fama da ita lokacin rani, ginin ganga gare su, harafi mai ƙin ruwa da mai so suna bin juna ɗaya bayan ɗaya, matsakaicinsu ya fito kamar ba na tantani ba. Duk da haka, a shekarar 2000 Rino Rappuoli da jama'arsa a Siyena ta Italiya suka tace rubutun gadon wannan ƙwaya da na'ura, suka ware furotin kusan 600 da ake zaton suna a fuskarta, daga cikinsu aka sami allurar rigakafin nau'in B, ko da yake ba shi ne nau'in da ke addabar Sahel ba.

A 2020 manhajar AlphaFold ta kamfanin DeepMind ta nuna tana iya zana siffar furotin daga silsilarsa da daidaito mai ban mamaki, a 2022 aka buɗe wa duniya taskar siffofi fiye da miliyan 200 kyauta, a 2024 aka ba Demis Hassabis da John Jumper kyautar Nobel tare da David Baker. Ni'ima ce babba, amma wajibi ne a san iyakarta. Tana zana furotin ba tare da tantanin da yake zaune ciki ba; ba ta cika nuna abin da canjin harafi ɗaya zai haifar ba, alhali mun ga harafi ɗaya ne ya karya nivakin; furotin ɗin ƙwayar masassara kuma da yawansu suna da dogayen yankuna masu maimaita harafi guda, inda zanenta ke raunana. Abin da na'ura ta fitar zanni ne mai rinjaye, yaƙini kuwa sai an gwada, kuma duk mai sayar wa jama'a zanni da sunan yaƙini ya ci amanar ilimi.

Maganar ba ta zama tarihi ba ga mutanen Gure. Tun 2013 Nijar ta fara rabon maganin rigakafin masassara na damina ga yara daga wata uku zuwa shekara biyar, Magariya na cikin wuraren farko, kuma ɗaya daga cikin magungunan biyu da ake rabawa, amodiyakin, wanda ake sha kwana uku, ɗan'uwan kulorokin ne, a jakar nan mai tsami yake aiki, ta ƙofar PfCRT kuma ƙwaya ke iya rage masa ƙarfi. Abin lura shi ne lumefantirin, wanda ke cikin haɗin da ake ba mai zazzaɓi a likita, ya fi barin masu K su tsira, amodiyakin kuwa masu T, watau magunguna biyu da yaro ɗaya ke iya sha cikin damina ɗaya suna jan harafi guda zuwa fuska biyu. Saboda haka uwar da ta ba ɗanta ƙwayar ranar farko ta ajiye na rana ta biyu da ta uku, ta bar maganin da rauni a jininsa, raunin magani kuwa shi ne abin da ƙwaya mai taurin kai ke bukata ta yaɗu.

Cibiyar bincike ta CERMES a Yamai tana bin diddigin waɗannan alamomi, amma ƙasar tana da faɗi, kwarurukan Gure kuma, masu ruwa kusa da ƙasa a tsakiyar rairayi, ba halinsu ɗaya da na bakin kogin Kwara ba. Ina roƙon malaman Jami'ar André Salifou ta Damagaram da su sa wannan hisabi cikin karatun ɗalibansu na ilimin rayuwa da na lissafi tun daga shekarar farko, su kuma nemi a riƙa tattara ɗigon jini a kan takarda daga likitocin gundumar Gure kowace damina ana karanta matsayi na 76 da maƙwabtansa. Kai kuma ɗalibi, silsilar PfCRT tana nan a taskar UniProt kyauta ga duk mai intanet. Buɗe ta, ka ƙidaya haruffa har zuwa na 76, sa'an nan ka ɗauki 19 ka fara tarawa.